Taswirar mazaunin malam-buɗe-littafi

Taswirar mazaunin malam-buɗe-littafi hanya ce da masana halittu ke bi domin gano wuraren da wani nau'in malam-buɗe-littafi zai iya rayuwa ya hayayyafa. Ana haɗa bayanan wuraren da aka taɓa ganinsa da bayanan yanayi, da na ƙasa, da na tsirrai a cikin kwamfuta, sai a fitar da taswirar da ke raba yanki zuwa wuraren da suka dace sosai, da waɗanda suka dace kaɗan, da waɗanda ba su dace ba. An fi amfani da hanyar ga nau'o'in da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda kuɗi da ma'aikatan da ake da su ba sa isa a bincika kowane daji. Taswirar hasashe ce. Ba ta zama hujja sai an taka zuwa wurin an ga ƙwai ko tsutsa a kan ganye. A yankin Sahel, wanda ya ratsa kudancin Nijar da gefen arewacin Najeriya, an gwada hanyar a kan nau'in Vanessa cardui, wanda ke ƙetare hamadar Sahara kowace shekara.

Abin da ake nufi da mazauni

Malam-buɗe-littafi yana bin matakai huɗu a rayuwarsa: ƙwai, tsutsa, kwanciya a cikin kwanso, sannan babba mai fukafukai. Babban yana shan ruwan zaƙin furanni iri-iri, yana kuma iya tashi ya yi nisa. Tsutsar ba haka take ba. A nau'o'i da yawa ganyen tsiro ɗaya take ci, ko na 'yan tsirrai masu dangantaka da juna, kuma idan babu su sai ta mutu. Saboda haka ganin malam-buɗe-littafi yana shawagi a wuri bai nuna nan ne mazauninsa ba, domin yana iya zama mai wucewa. Mazauni na gaskiya shi ne inda macen ke samun tsiron da za ta yi ƙwai a kansa, a lokacin da ganyensa yake ɗanye, da ɗumi da laimar da tsutsa za ta iya jurewa.

Ana ganin wannan alaƙa a ƙasar Hausa. Tsutsar Danaus chrysippus, mai fukafukai ruwan goro da baƙin gefe, tana cin ganyen tumfafiya, kuma dafin da take tarawa daga gare shi ne ke sa tsuntsaye su guje shi. Tsutsar Papilio demodocus tana cin ganyen lemo. Catopsilia florella yana ƙwai a kan rai-ɗore da danginsa, yayin da Belenois aurota da wasu nau'o'in Colotis suka dogara da itatuwa irin su anza, da jiga, da bagayi. Wanda ya san inda waɗannan tsirrai suke ya riga ya yi rabin aikin taswirar.

Tarihi

Tunanin cewa kowace halitta tana da iyakar yanayin da take iya zama a cikinsa ya fito fili a rubutun Joseph Grinnell na shekarar 1917, kuma G. Evelyn Hutchinson ya faɗaɗa shi a 1957. A farkon shekarun 1960 Roger Tomlinson ya jagoranci ƙirƙirar tsarin adana taswirori a kwamfuta a ƙasar Kanada, wanda shi ne asalin abin da ake kira GIS a yau. A Birtaniya an kafa cibiyar tattara bayanan halittu a 1964, inda aka raba ƙasar zuwa gidaje masu faɗin kilomita 10, ana sa alama a duk gidan da aka ga wani nau'i. Daga wannan aiki ne kundin taswirorin malam-buɗe-littafi na Birtaniya da Ailan ya fito a 1984.

Waɗannan taswirori na farko suna nuna inda aka gani ne kawai. Hasashen inda ba a je ba ya fara ƙarfi a shekarun 1980 da manhajar BIOCLIM ta ƙasar Ostireliya. A 2005 aka fitar da rumbun bayanan yanayi na WorldClim, a 2006 kuma Steven Phillips da Robert Anderson da Robert Schapire suka wallafa bayanin manhajar MaxEnt. Daga 2008 Amurka ta buɗe hotunan taurarin Landsat kyauta ga kowa. Waɗannan abubuwa uku suka sa ɗalibin jami'a mai kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya yin aikin da a da sai manyan cibiyoyi.

Kayan aiki

Bayanan gani. Kowane bayani yana ɗauke da sunan nau'i, da ranar da aka gan shi, da lambobin wurin da na'urar GPS ko wayar hannu ta bayar. Ana samun su daga tsofaffin samfuran gidajen tarihi, da binciken masana, da hotunan da jama'a ke ɗorawa a dandalin iNaturalist, wanda aka fara a 2008. Rumbun GBIF, wanda aka kafa a 2001 da hedikwata a Kofanhagan, yana tattara irin waɗannan bayanai daga ƙasashen duniya.

Bayanan yanayi. WorldClim yana da ma'aunai 19 da suka shafi zafi da ruwan sama, kamar yawan ruwan shekara, da zafin watan da ya fi kowane zafi, da ruwan da ake samu a watannin da suka fi bushewa. Kowane gida a taswirarsa mafi ƙanƙanta yana da faɗin kusan kilomita ɗaya.

Hotunan tauraron ɗan adam. An harba Landsat na farko a 1972, kuma hotunan jerin na yanzu suna nuna fili mai faɗin mita 30 a matsayin ɗigo ɗaya. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana kaiwa mita 10, yana kuma sake ɗaukar wuri ɗaya kusan kowane kwana biyar. Daga hotunan ake lissafa ma'aunin koren ganye da ake kira NDVI. Ganye mai rai yana shanye jan haske, yana mayar da wani hasken da ido ba ya gani, kuma bambancin biyun ne ke ba da lamba tsakanin -1 da +1. Najeriya ma ta harba NigeriaSat-1 a 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, a ƙarƙashin hukumar NASRDA.

Manhajoji. QGIS kyauta ce, da ita ake jera taswirori a yanka su daidai da yankin bincike. Google Earth Engine yana ba da damar sarrafa hotunan shekaru masu yawa ta intanet ba tare da an sauke su ba. MaxEnt kuwa ita ke yin lissafin hasashe, kuma ta samu karɓuwa ne saboda tana aiki da bayanan inda aka gani kaɗai, ko da ba su da yawa, wanda shi ne halin da nau'o'in da suka yi ƙaranci ke ciki.

Matakan aiki

Da farko ana tace bayanan gani. Ana cire waɗanda aka maimaita, da waɗanda lambobinsu suka faɗa cikin teku ko tsakiyar birni saboda kuskuren rubutu, da waɗanda ake shakkar sunan nau'insu. Idan akwai hali, ana fifita bayanan ƙwai da tsutsa a kan na manya.

Na biyu, ana raba yankin zuwa ƙananan gidaje kamar na dara, a ɗora bayanai falle-falle a kansu: fallen ruwan sama, fallen zafi, fallen tudu da gangare, fallen irin ƙasa, fallen koren ganye, da fallen tsiron da tsutsa ke ci. Kowane gida sai ya samu lambarsa daga kowane falle.

Na uku, manhaja tana kwatanta gidajen da aka ga nau'in a cikinsu da sauran gidajen yankin, ta gano irin haɗuwar yanayin da ya fi yawa a inda aka gan shi. Daga nan sai ta ba kowane gida maki tsakanin 0 da 1, a zuba makin a launuka.

Na huɗu shi ne gwaji. Akan ɓoye wani kaso na bayanan gani tun farko, a duba ko taswirar ta faɗi wuraren da aka ɓoye daidai. Gwajin ƙarshe kuwa a fili ake yinsa: a zaɓi wasu gidaje masu maki mai yawa da wasu masu maki kaɗan, a je a lokacin da ya dace a bincika ganye. Abin da aka samu sai a mayar cikin lissafin a sake gyara taswirar.

Nau'o'in da ke fuskantar ƙarewa

Phengaris arion, wani shuɗin malam-buɗe-littafi, ya ƙare a Birtaniya a 1979, duk da cewa tsiron da yake ƙwai a kansa yana nan a filayen. Binciken Jeremy Thomas ya nuna dalili. Bayan 'yan makonni tsutsar tana faɗowa ƙasa, jar tururuwa ta ɗauke ta zuwa gidanta, inda take shafe kusan wata goma tana cin 'ya'yan tururuwar. Ta fi rayuwa a gidan nau'i ɗaya, Myrmica sabuleti, wanda ke son ƙasa mai ɗumi da gajeriyar ciyawa. Da aka rage kiwo, cuta kuma ta kashe zomaye a shekarun 1950, sai ciyawa ta yi tsawo, ƙasa ta yi sanyi, tururuwar ta ragu. Da aka tashi dawo da nau'in daga Suwidin a farkon shekarun 1980, sai da aka auna tsawon ciyawa, da ɗumin ƙasa, da yawan gidajen tururuwa kafin a zaɓi fili. Aikin ya yi nasara, kuma ana kafa hujja da shi cewa taswirar da ta dogara da tsiro kaɗai tana iya nuna wurin da bai da amfani.

Danaus plexippus na Arewacin Amurka ɗan uwan Danaus chrysippus ne, kuma tsiron da tsutsarsa ke ci dangin tumfafiya ne. Yana yin hunturu a dazuzzukan itacen oyamel da ke tsaunukan tsakiyar Meksiko, wurin da masana suka gano a 1975. Ana auna yawansa da faɗin dajin da ya rufe: hekta 18.19 a hunturun 1996 zuwa 1997, amma hekta 0.67 kacal a na 2013 zuwa 2014. Lissafin masanan Meksiko, ciki har da Cuauhtémoc Sáenz-Romero, ya nuna cewa ɗumamar yanayi za ta tura yankin da ya dace da itacen zuwa saman tsaunuka. Bisa wannan hasashe aka yi gwajin dasa shi a gangaren dutsen Nevado de Toluca.

A Afirka ta Kudu, aikin SABCA da aka fara a 2007 ya tattara bayanan gani na yankin, ya fitar da kundin taswirori da jerin nau'o'in da ke cikin haɗari a 2013. Daga cikinsu akwai Orachrysops niobe, wanda a lokacin ya rage a wani ɗan fili kusa da garin Knysna. Tsutsarsa tana cin Indigofera erecta, dangin baban da ake rini da shi a Kano. Gobarar daji ta watan Yunin 2017 ta cinye filin, abin da ya nuna haɗarin da nau'i ke ciki idan mazauninsa ɗaya ne tak.

Gwajin da aka yi a Sahel

Vanessa cardui ba ya cikin nau'o'in da ke fuskantar ƙarewa, amma a kansa aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen wannan hanya a Afirka. An daɗe da sanin yana ɓacewa daga Turai da kaka, sai dai inda yawancinsu ke zuwa ya kasance abin muhawara. A 2014 Gerard Talavera da Roger Vila, masana daga Barcelona ta ƙasar Sifaniya, suka yi bincike a Senegal da Benin da Chadi da Habasha, suka tarar da shi yana isowa da yawa yana hayayyafa a ƙarshen damina. Sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu na iya tafiyar kusan kilomita 4,000.

Tambayar da ta rage ita ce inda suke komawa idan ciyawar Sahel ta bushe. A 2019 aka fitar da taswirorin hasashe na wata-wata, waɗanda aka gina a kan wuraren da aka ga tsutsa, suka nuna cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu mazaunin yana gangarawa kudu zuwa yankunan da suka fi laima. Daga nan masanan, tare da abokan aikinsu na Afirka, suka bi taswirar da ƙafa, suka kuma sa ido na shekara biyu a ƙasashe shida. Rahoton 2023 ya nuna cewa kusan duk wuraren da aka samu tsutsa suna cikin waɗanda taswirar ta ba maki mai yawa. Zagayen gaba ɗaya, zuwa da dawowa, ya kai kilomita 12,000 zuwa sama, kuma zuri'a bayan zuri'a ne ke kammala shi.

Wani binciken na 2021 ya kwatanta hotunan tauraron ɗan adam da ƙidayar shekaru 21 da aka yi a Turai. Ya gano cewa yawan koren ganye a filayen Afirka ta Yamma a watannin Janairu da Fabrairu yana cikin abubuwan da suka fi nuna yawan waɗanda za su isa Turai da bazara. Haka kuma a watan Oktoban 2013 an tsinci wasu a gaɓar tekun Guyana ta Faransa, a Kudancin Amurka. Rahoton 2024 ya tabbatar sun ƙetare Tekun Atilantika, tafiyar aƙalla kilomita 4,200, kuma cikin hujjojin akwai garin furen sabara da na kurna da aka samu a jikinsu, itatuwa biyu da ke fure a ƙarshen damina a Sahel.

A Najeriya da Jihar Jigawa

Littafin Torben Larsen na 2005 ya lissafa kusan nau'o'i 1,500 a Afirka ta Yamma, kuma Najeriya tana da fiye da 1,000 daga ciki. Mafi yawansu suna dazuzzukan kudu, musamman tsaunukan Oban na Jihar Kuros Riba. Filayen arewa suna da nau'o'i kaɗan, amma masu jure fari ne, kuma yawansu yana hawa da sauka tare da damina.

Tsakiyar Jigawa, wato yankin Dutse da Kiyawa, fili ne na noma da itatuwa jefi-jefi, ga jigayi na rairayi, ga duwatsun Dutse, ga fadamu. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Yawancin ƙasar gonakin gero ne, da dawa, da gyaɗa, da wake, da riɗi, don haka tsirran daji sun fi tsira a gefen gona, da burtali, da makiyaya, da maƙabartu, da gindin duwatsu. Waɗannan wurare sirara ne. Burtalin da bai wuce 'yan mitoci ba yakan ɓace a hoto mai ɗigon mita 30, shi ya sa taswira a irin wannan ƙasa take buƙatar hotuna masu kaifi da kuma sanin manoma da makiyaya, waɗanda suka san inda anza da jiga da sabara suke. A arewa maso gabashin jihar akwai dausayin Haɗeja da Nguru, ciki har da na Baturiya da aka sa a jerin Ramsar a 2008, inda ake samun ɗanyen ganye har cikin rani.

Abubuwan da ke rage mazauni a yankin sun haɗa da faɗaɗa gonaki zuwa cikin burtali da makiyaya, da saran itace, da ƙona daji, da maganin kashe ciyawa, da feshin maganin ƙwari, wanda ba ya bambanta tsutsar da ke ɓata amfani da wadda ba ta ɓatawa. A ɗaya ɓangaren, manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna cewa ana iya dawo da itatuwa ta hanyar barin tohon kututture ya girma a gona, aikin da ya yaɗu tun shekarun 1980. Hotunan sama da na tauraron ɗan adam ne suka tabbatar da faɗinsa, kimanin hekta miliyan 5.

Akwai kuma misalin tattara bayanai da jama'a ke yi a cikin gida. Aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar APLORI ta Jos ta fara a 2015, ya raba ƙasar zuwa gidaje masu faɗin kusan kilomita 9, inda 'yan sa-kai ke rubuta abin da suka gani da wayar hannu. Tsarin yana aiki ga malam-buɗe-littafi, domin hoto ɗaya mai kwanan wata da lambobin wuri ya isa ya zama bayanin gani.

Iyakokin hanyar

Babbar matsala ita ce karkatar bayanai. Yawancin bayanan da ke rumbunan duniya daga Turai da Arewacin Amurka suke, a Afirka kuwa sun fi taruwa kusa da tituna, da jami'o'i, da gandun daji. Manhaja tana iya ɗaukar inda masu bincike suka saba zuwa a matsayin inda nau'in ya fi so. Wuri fari a taswira yana iya nufin babu nau'in, yana kuma iya nufin ba wanda ya je ya duba.

Na biyu, tauraron ɗan adam yana ganin kore ne, ba ya sanin sunan tsiro. Da rani, layin darbejiya ko gonar noman rani za su fito kore shar a hoto, alhali ba lallai ba ne su ciyar da tsutsar da ake nema. Gawo yana zubar da ganye da damina ya tsiro da rani, don haka hoton wata ɗaya ba ya wadatarwa.

Na uku, akwai abubuwan da ba sa fitowa a kowane falle, kamar tururuwar da tsutsa ke zama da ita, ko feshin da aka yi makon jiya. Wuri yana iya dacewa amma ya yi nisa da sauran mazaunai, har nau'in ya kasa kaiwa gare shi. Bugu da ƙari, masu farautar nau'o'in da ba safai ake samu ba don sayarwa suna iya amfani da taswira, shi ya sa dandali kamar iNaturalist ke ɓoye ainihin lambobin wurin nau'o'in da ke cikin haɗari.

Amfani

Hukumomi da ƙungiyoyin kare muhalli suna amfani da taswirar wajen zaɓen wuraren da za a fara bincike, da filayen da za a keɓe, da inda za a mayar da nau'in da ya ƙare, da kuma duba illar titi ko madatsar ruwa kafin a gina. Da yake malam-buɗe-littafi yana saurin nuna canjin muhalli, kuma yana da sauƙin gani da ƙirgawa, raguwarsa a wuri takan zama gargaɗi game da sauran ƙwarin da ke ɗaukar garin fure, irin su ƙudan zuma, waɗanda amfanin gona da dama ke cin moriyarsu.

Duba kuma

Malam-buɗe-littafi
Tauraron ɗan adam
Dausayin Haɗeja da Nguru
Sahel
Jihar Jigawa